Tambarin da Na Zana wa Mai Shagon Udon a Osaka

Ina karatun zane a birnin Osaka na ƙasar Jafan lokacin da wani dattijo mai ɗan shagon taliyar udon a unguwarmu ya nemi in tsara masa tambari. Ya daina zuba mirin, wani ruwan girki mai zaƙi da ake yi da shinkafa, a romonsa saboda akwai barasa a cikinsa, yana fatan jawo Musulmi masu yawon buɗe ido daga Malesiya da Indunusiya, kuma a ganinsa babu wanda ya fi ni sanin abin da zai burge su. Na karɓi aikin da ƙwarin gwiwa, domin a lokacin ban san cewa uwargidansa ce ke yanke hukunci a shagon ba.

Zanen farko kwanon shinkafa ne, na kafa tsinkayen cin abinci guda biyu a tsakiyarsa suna tsaye cak, ga tururi yana tashi a hankali. Har yanzu ina nan a kan cewa zanen ya yi kyau. Uwargida na ganinsa ta rufe baki da hannu, sannan ta bayyana mini cikin ladabi mai ban tsoro cewa a Jafan mamaci kaɗai ake kafa wa tsinke a shinkafa, ana ajiye kwanon a kusa da kansa, kuma tururin da na ɓata dare ina gyarawa ya yi kama da hayaƙin turaren jana'iza. Dattijon bai ce uffan ba, ya ci gaba da yanka albasa.

Daga nan na koma ga fure, tun da fure ba ya kashe kowa. Na zana furen kiku mai ruwan zinariya, na ba shi ganye 16 don kawai kwamfuta ta fi saurin raba da'ira haka. Wannan karon dattijon ne ya ajiye wuƙa, ya hau bene, ya sauko da fasfonsa, ya nuna mini bangon. Furen nan alamar gidan sarautar Jafan ce, ya kuma tambaye ni ko na samo masa aikin dafa wa Sarki abinci ne ba tare da saninsa ba.

Sai na kawo shawarar jar fitilar takarda, irin wadda nake gani a lunguna da dare, muka rataye ta don gwaji. Kafin isha shagon ya cika maƙil da ma'aikata masu kwat da laƙtaye, kowa yana neman giya mai sanyi, domin ashe jar fitila alamar mashaya ce, mu kuwa shayin sha'ir kaɗai muke da shi.

Washegari uwargida ta ɗauko buroshi da tawada, ta rubuta sunan udon da haruffan Jafananci uku a kan takarda kafin ruwan shayi ya tafasa, aka buga su da fari a kan shuɗin labulen noren da ake ratayawa a ƙofa idan an buɗe shago. Aikina shi ne na ɗauki hoton rubutun, na ƙara ɗan layi a ƙasa cewa babu naman alade, babu barasa. An biya ni da kwanon kitsune udon.

Da na gabatar da tambarin a aji, malaminmu ya daɗe yana kallonsa, ya ce bai taɓa ganin baƙon da ya ƙware a rubutun buroshi cikin shekara guda kamar ni ba, don haka ni zan rubuta allon bikin makaranta a gaban jama'a ranar Asabar.