Halawa sai ka ce farilla!

Wallahi na gaji da halawar nan! Duk bikin da aka sa a Gusau, sai a kulle amarya a ɗaki, a dafa sukari da lemun tsami, a manna mata a ƙafa a fizge, tana hawaye, gwaggo na cewa "daure 'yar nan". Addini ya ce a cire gashin hammata da na mara, kada a wuce kwana 40, mun ji mun bi. To na hannu da na ƙwauri, wa ya aiko ku? Ƙanwata ta fito duk ƙuraje kamar an watsa mata gero, ga zafin bazara, ga kuɗi kamar na sadaki! Kakanninmu da aka sa wa lalle kawai, mazansu gudu suka yi?