Ƙannena, a sauke wayar nan idan sojoji na wucewa

Shekaranjiya da la'asar ina zaune a wata fada, wato majalisar hirar samari, a nan Tawa ta Nijar, sai ayarin motocin soja ya biyo ta gabanmu, ƙura ta rufe fuskokin mutanen da ke ciki. Kafin motar ƙarshe ta wuce, samari huɗu sun ɗaga wayoyi, ɗayansu ma ya bar shayi yana ƙonewa a kan gawayi, yana ƙirga motocin da ƙarfi domin muryarsa ta shiga bidiyon, har ya faɗi hanyar da suka nufa. Bai sake zama ba sai da ya tura shi WhatsApp.

Ƙannena, wa kuke kai wa wannan labari? Yaƙin nan da 'yan ta'adda ya daɗe yana cin mu ba tare da wani ɓangare ya gama da wani ba, kuma ba shi da fagen daga guda, domin maharan a kan babura suke zuwa, su yi ɓarna, su ɓace wajen iyakar Mali. Aikin soja na kullum shi ne sintiri cikin zafin rana, da gadin sansani, da bin hanyar da bai san inda aka binne nakiya ba. Mai kwanton ɓauna kuwa abu uku yake nema: lokaci, da hanya, da yawan motoci, ga shi kun ba shi duka kyauta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mun rasa sojoji 71 a Inates a Disambar 2019, aka kashe fararen hula 137 a yankin Tiliya a Maris 2021, sannan sojoji 29 kusa da Tabatol a Oktoban 2023. Duk lokacin da irin wannan ta faru, sai a shiga tseren tura hotunan gawawwaki, babu mai tuna cewa wata uwa za ta iya gane ɗanta a wayar maƙwabciya. Waɗanda suke wannan, su ne kuma ke kwana a fada suna tsara dabarun yaƙi alhali sallar asuba ta gagare su. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta wuyar dawowa.

Ku ji tsoron Allah, ku kama hannunku. Mun taso mun ga iyayenmu idan soja ya wuce, addu'a suke bin sa da ita, idan kuma mutuwa ta faru, dattijo ake zaɓa ya je ya yi sallama, ya zauna, ya tausasa zuciya kafin ya faɗa. Yaron nan na shekaranjiya, da na yi masa magana, ko kai bai ɗago ba, yana duba mutum nawa suka kalla.