Kowa a kan doki, to wa ke daka furar?

Jiya da daddare an ɗauke wuta a layinmu nan Agege, zafi ya hana kowa shiga ɗaki, sai ɗan yayata da ke zaune a wajena yana karatu ya miƙo min wayarsa wai Kawu dan Allah duba min wannan abun da nake rubutawa. Ashe yaron nan wata huɗu kenan yana gina duniyarsa ta almara, irin wadda ake zana taswira a sa teku da duwatsu da dodanni, har da jerin sarakuna da shekarun da kowa ya yi a kan karaga. Na karanta har cajin wayar ya koma ja, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, yaron ya iya labari. Mutanen bakin teku ya raba su gida biyar kowa da yarensa da irin jirginsa, mutanen kan dutse har da rigimar gado tsakanin 'yan uba. Amma da na iso tsakiyar taswirar, wani makeken filin ciyawa da ya cinye kusan rabin duniyar, sai na tarar da ƙabila ɗaya tal. Duk mahaya doki, duk da kwari da baka, duk fuska a murtuke, sana'arsu ɗaya wato kai hari.

Na ce masa ɗana waɗannan mutanen naka me suke ci? Ya ce nama da nono mana. Na ce gishiri fa, daga ina? Ya yi shiru. Na ce wa ke ƙera musu linzami da likkafa, wa ke jeme fatar sirdi, wa ya haƙa rijiyar da dawaki dubu za su sha ruwa a watan bazara? Sai ya yi dariya ya ce Kawu ai haka ake yinsu a irin waɗannan labaran, mutanen fili dama mahara ne. Toh wannan maganar ce ta hana ni barci shi ya sa nake wannan dogon rubutun, wanda ba zai iya karantawa ba ya wuce kawai ba gaba.

Abun da ya ba ni haushi ba kuskuren yaro ba ne, inda ya kwaso shi ne. A finafinai da wasannin kwamfuta na almara da yaranmu ke kallo, in an zo birni sai ka ga malamai da fatake da ɓarayi da 'yan siyasa, amma in an fita fili sai a zuba mutum ɗaya a maimaita shi sau dubu. Wanda ya tsara abun kallon filin yake daga saman ganuwa, ƙura kawai yake hangowa. Shi kuma ɗan yayata kakansa a fili aka haife shi, amma ya ari idon mai ganuwa ya kalli gidansu da shi.

Kuma wallahi in akwai wanda ya kamata ya gane zafin wannan abun to mu ne mazauna Legas. Nan garin duk sunanmu ɗaya, Aboki. A da in ka je kasuwar Alaba Rago ka tsaya minti goma ka saurara, za ka ji Hausa, ka ji Fulatanci, ka ji Barbarci, ka ji Larabcin Shuwa, ga Zabarmawa can gefe, amma mai danfo in ya leƙo duk Aboki yake gani. Mai tumatir a Mile 12 da mai canji da maigadi da wanda ya sauke shanu a mayankar Oko-Oba, wasunsu ma sai da Hausa suke fahimtar juna don ba ita ce ta gidansu ba. Muna ƙorafin an dunƙule mu wuri ɗaya, sai ga ɗanmu ya samu alƙalami a hannu ya dunƙule rabin duniya.

Ni a ganina fili ba ya riƙe mutum iri ɗaya, ko ya so ba zai iya ba. Ka ɗauki kwanon fura da nono kawai. Nonon na makiyayi ne, geron na manomi ne, ƙwaryar wani ne ya shuka duma wani ya fafe, ludayin ma haka, wato kafin ka kai loma ɗaya baki hannun mutum huɗu ya shiga ciki. Da kaka in an gama girbi manomi da kansa yake neman Bafillace ya zo ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar masa taki, a ba su hatsi. Su kansu Fulanin ba abu ɗaya ba ne, na gida daban, na daji daban, Wodaaɓe masu bikin rawar gerewol da jajayen shanunsu masu dogon ƙaho daban, mai farar bunaji ba ya bin hanya ɗaya da mai bokolo. Can tafkin Chadi kuma ga Buduma da shanun kuri masu kumburarren ƙaho da ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, makiyayi ne amma a kwalekwale yake yawo, yanzu dan Allah wane dodo za ka ƙirƙira da ya fi wannan daɗin labari?

Akwai wani dattijo Buzu da ke gadi a bayan layinmu, duk dare zai hura gawayi a ɗan murhunsa na waya ya ɗora ƙaramar buta, shayi zagaye uku, na farko ɗaci kamar maɗaci na ƙarshe zaƙi kamar zuma, rawaninsa ko a zafin Legas bai sauka daga bakinsa. Na ja yaron muka je muka gaishe shi, na ce Baba ga jikanka yana neman labarin gishiri. Tsohon nan ya ajiye kofi ya fara zana mana hanya a ƙasa da tsinke. Ayarin raƙuma na tashi daga duwatsun Azbin bayan damina, su keta hamadar Tenere su isa Fachi da Bilma, su kai gero su ɗauko kantun gishiri da dabino, gishirin kuma Barebarin can ne ke haƙa shi, sannan a gangaro kudu wajen Damagaram da Kano a sayar a sayi hatsi da tufafi. Ya ce saniyar da ba ta lasar gishiri ba ta ƙiba, shi ya sa duk ƙarshen damina makiyaya ke haɗuwa a garin Ingal na Nijar dabbobi su sha ruwan gishiri, a yi tsere a yi aure a yi sulhu. Yaron nan baki buɗe, har ya manta da wayar a hannunsa.

Batun doki ma da ya cika labarinsa da shi, doki ba akuya ba ne, dabbar masu hali ce, yana son dawa yana son ruwa yana son mai yanko masa ciyawa. Tsohuwar daular Oyo ta nan ƙasar Yarbawa da dawaki ta yi ƙarfi, amma daga arewa take sayo su don ƙudan tsando ba ya barinsu su yi tsawon rai a kurmi, masu kula da su ma da yawa 'yan arewa ne. Kenan bayan kowane barde ɗaya akwai bafatake da maƙeri da ɗan barga da ba a sa su a waƙa.

Ko Mongol ɗin, mahayan filin ciyawar Asiya da masu irin waɗannan labaran suke kwaikwayo, ba haka suke ba. Sai a 1206 Genghis Khan ya haɗa kan ƙabilun filinsu bayan sun daɗe suna gwabzawa, wasunsu ma Kiristoci ne, rubutun da ya sa aka riƙa yi a fadarsa daga wajen wata ƙabila mai suna Uighur aka aro shi. Wani limamin Kirista daga Turai, William na Rubruck, da ya je babban birninsu Karakorum a 1254 ya ƙirga masallatai biyu da coci ɗaya da ɗakunan bautar gumaka goma sha biyu. A tsakiyar ciyawa fa.

Na san wani zai shigo kwamen ya ce haba Malam almara ce fa, ka bar yaro ya yi mafarkinsa. Ai ban hana ba, ya sa doki mai fiffike, ya sa aljanar da ke tatsar wata, duk zan yarda in biyo shi. Abun da ba zan yarda da shi ba shi ne cikin da ba ya jin yunwa da garken da ba ya jin ƙishi. Kuma ban ce a mayar da filin aljanna ba, rigima tana nan, wanda ya nome burtali, wanda ya saki shanu a gonar da ba a girbe ba, wa zai fara shayarwa a rijiya, mu da muke jin labarin gida kullum a waya mun san inda abun ya kai yanzu kuma ba abun dariya ba ne. Shi ya sa ma nake jin tsoron labarin da zai koya wa yaro cewa mutumin fili dama can mahari ne, don a zahiri ma akwai masu faɗin hakan kuma makiyayin da aka sace wa shanu shi ma yana cikin waɗanda ake nunawa da yatsa.

Abu ɗaya da na roƙe shi ya sa shi ne wasan taubashi, don ban taɓa ganinsa a almarar kowa ba. Bafillace ya ga Babarbare ya ce ga bawana, Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe, har Bagobiri da Bayarabe, a yi ta zagin wasa ba mai fushi. Ka yi tunanin runduna biyu sun ja daga a fili sai aka gano jagororin taubasai ne, dole a sauke mashi a koma gori.

Yau da asuba ina fitowa alwala na same shi a bakin ƙofa yana ta latsa waya, ya goge sunan ƙabilar nan ɗaya daga taswirar, ya sa masu haƙar gishiri a gabas, wasu masunta a bakin wani tafki, da wata tsohuwa mai tallan nono da wai ita ce kaɗai ta san yaren kowa a filin. Amma mahara yana nan da su bai cire ba, wai Kawu in babu su wa zai sace gimbiyar. Mun dai tsaya a kan cewa da yamma zai koma wajen Baba Buzu ya tambayo kwana nawa raƙumi ke yi bai sha ruwa ba, ni kuma aka bar ni da sayen sikari da ganyen shayi.