Su ɗauki kofinsu, amma su bar mana hanyar zuwa aiki

Duk wanda yake zaune a Cardiff, babban birnin Wales, kuma ba shi da motar kansa ya san abin da watan Fabrairu da Maris suke zuwa da shi. Gasar zari-ruga ta Ƙasashe Shida ce, wato Wales da Ingila da Scotland da Ireland da Faransa da Italiya. Shekarar da ta faɗo a mara, Wales na karɓar baƙuncin wasa biyu, shekara mai cika kuma uku. Ana fitar da jadawalin tun da watanni, kowa ya san ranar, kowa ya san ƙarfe nawa za a take. To don Allah me ya sa duk ranar wasa garin yake rikicewa kamar ba a san da zuwanta ba?

Kakar 2019 ce ta fi tsaya mini a rai, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. A wurin mutanen Wales shekarar farin ciki ce, ban musa ba. Sun je Paris ana cin su 16 da nema a hutun rabin lokaci, suka farke suka ci 24 da 19. Suka doke Italiya a Rum, suka doke Ingila 21 da 13 a gida ranar 23 ga Fabrairu, suka je Edinburgh suka yi nasara 18 da 11. Ranar 16 ga Maris suka lallasa Ireland 25 da 7, suka cinye wasanni biyar cif, abin da ake kira Grand Slam, a shekarar ƙarshe ta Warren Gatland a zangonsa na farko na horar da su. Kyaftin ɗinsu Alun Wyn Jones ya ɗaga kofi. Madalla. Ni a ranar aikin dare nake da shi a gidan kula da tsofaffi a wajen gari, kuma sai da aka yanke mini kuɗi saboda makara.

Ga yadda abin yake. Filin wasan Principality ba a bayan gari yake ba kamar yadda hankali zai ba ka. A tsakiyar gari aka dasa shi, bakin kogin Taff, tafiyar 'yan mintuna daga babbar tashar jirgin ƙasa. Yana cin mutum kusan 74,000, ban da dubban da ba su da tikiti, waɗanda suke cika mashaya a titin St Mary da Westgate tun hantsi. Sa'o'i kafin a take wasa sai a rufe titunan tsakiyar gari. Bas ɗin da ka saba shiga ya canza hanya, matsayarsa ta koma wani lungu, kuma takardar da aka manna don sanar da kai ruwan sama ya jiƙe ta ba ta karantuwa. A wancan lokacin ma garin ba shi da babbar tashar bas, domin an rufe tsohuwar tun 2015, sabuwar kuma ba ta buɗe ba sai 2024. Babban birnin ƙasa guda, shekara kusan tara ba tashar bas! Da a wani wuri aka yi haka da an cika jaridu da ba'a.

An take wasan Ireland da ƙarfe uku saura kwata, ya ƙare daidai lokacin da ma'aikacin dare yake fitowa. Ireland ta ƙi yarda a rufe rufin filin, ruwa kuwa ya yi ta zuba kamar da bakin ƙwarya, mu da muke waje ba wanda ya tambaye mu ra'ayi. Na isa tashar jirgi na tarar an gindaya shingen ƙarfe, an raba mutane layi-layi bisa inda za su, kowane layi ya miƙe ya yi kwana. Na nuna wa wani mai rigar tsaro katin aikina, na ce masa tsofaffi ne ke jira, akwai masu shan magani a kan lokaci, wadda zan karɓa tun safe take tsaye. Ya ɗaga kafaɗa ya nuna mini ƙarshen layi. Ba laifinsa ba ne, abin da aka ce ya yi ke nan. Laifin na waɗanda suka zauna a ofis suka tsara ranar ne, suka ƙirga 'yan kallo masu jar riga da tuta, suka manta akwai masu jinya da masu shara da masu gadi da ke biyan kuɗin tikitin wata ba fashi.

Tikitin watan nan shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Na biya kuɗin kowace rana, har da ranar wasa. Wanda ya zo sau ɗaya a shekara, ya sha ya yi tatul, shi ke gabana a layi, yana rera waƙa a kunnena. Da jirgin ya zo kuma taragu kaɗan ne, an cusa mu ba wurin ɗaga hannu, ƙasa duk giya ta zube, ga warin amai. Na isa wurin aiki rigata na warin abin da ban taɓa sa wa a baki ba. Tasi? Kada ma ka fara. Hanya a rufe, kuɗin manhaja ya ninka, albashin daren gaba ɗaya zai tafi a mota.

Kada wani ya ce ƙin wasan nake yi. Ina kallonsa, kuma yadda ɗan wasan Wales Hadleigh Parkes ya dire ƙwallo tun minti biyu da farawa ya burge ni da na gani daga baya. Maƙwabtana a Grangetown, har da Somaliyawa da Yamalawan da kakanninsu suka zo garin tun zamanin jiragen kwal, da yawa Wales suke goya wa baya. Kuma na san masu otal da gidajen abinci suna samun ciniki. To, wannan cinikin wa ya biya kuɗinsa? Ni da na rasa awa biyu na albashi, ko matar da ta ƙara awa biyu a tsaye tana jirana, 'ya'yanta na gida?

Na rubuta ƙorafi ga kamfanin jirgin. Amsar da ta zo bayan makonni ita ce a ranakun manyan taruka ana shawartar fasinja ya fito da wuri. Da wuri zuwa yaushe? Wanda ya sauka daga aiki ƙarfe takwas na safe, ya kwanta ƙarfe goma, ya fito tsakar rana ya je ya zauna a bakin ƙofar wurin aiki har dare?

Abin da muke nema bai taka kara ya karya ba. A ware ƙofa ɗaya a tasha don masu tikitin wata da katin aiki. A ƙara taragu a ranar da aka san mutum dubu saba'in da ɗoriya za su fito lokaci guda. A sa bas na ma'aikata daga gefen gari zuwa asibitoci da gidajen jinya, a kuma sanar da canjin hanya mako guda kafin ranar, da manyan haruffa, a inda ruwa ba zai wanke ba. Wanda ya iya sayar da kujera 74,000 watanni kafin wasa ba zai ce mini wannan ya fi ƙarfinsa ba.