Ba dole sai lauya ko likita ne zai sa maka hannu a fasfon Ingila ba

Wai har yanzu mutanenmu da suka samu takardar zama ɗan ƙasa a Ingila suna ta yawon neman lauya ko likita ya sa musu hannu a fom ɗin fasfo na farko, wani ma har da shirin biyan kuɗi. Ba haka abin yake ba wallahi.

Abin da ofishin fasfo ke so shi ne mutumin da ya san ka shekara 2 ko fiye, ya ga hotonka ya ce eh wannan wane ne, kuma yana zaune a ƙasar da fasfonsa na Birtaniya ko na Ireland da bai ƙare ba, sannan yana da sana'ar da aka yarda da ita ko ya yi ritaya daga ita, malamin makaranta, nas, akanta, ɗan jarida, ɗan sanda, har limamin masallacinku ya isa in dai ya san ka da gaske.

Likitan da kowa ke rububi kuwa shi ne ma aka fi sa wa sharaɗi, in ganin ka kawai yake a asibiti ba zai yiwu ba, sai in abokinka ne na sosai.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne dangi. Yayanka, matarka, surukinka, ko wanda kuke gida ɗaya duk ba su shiga, ko da farfesa ne. In fasfon yaro ne, kai uban ko uwar zai sani shekara 2 ɗin, ba jaririn ba. Kuma ka tambaye shi tukuna kafin ka sa sunansa, don in ta intanet ka cike imel za su tura masa.