Farin garin da ke kan kombu ba fumfuna ba ne

Mutane da yawa, idan suka sayi busasshiyar ciyawar teku da Japanawa ke kira kombu suka ga farin gari a jikinta, sukan ɗauka fumfuna ce, sai su dirje ta da ruwa ko su zubar. Tsoron yana da dalili, tunda busasshen abinci yakan yi fumfuna idan ya sha danshi, amma abin takaici ne yadda ake asarar kaya mai kyau.

Garin nan mannitol ne, sinadari mai ɗan zaƙi da ke cikin ganyen tun asali, wanda yake fitowa yayin shanya. Dirzawa tana rage ɗanɗano, domin shi da glutamate, sinadarin da ke ba romo daɗi, wanda masanin kimiyya ɗan Japan Kikunae Ikeda ya gano a kombu a 1908, duk suna narkewa cikin ruwa.

Mai haɗa dashi, romon Japanawa da ake yi da kombu, takan share yashin da ke jikin ganyen da tsumma mai laima kawai, ta jiƙa ganyen kamar minti 30 a ruwan sanyi, ta ɗora a wuta, sannan ta tsame shi kafin ya tafasa don kada romon ya yi yauƙi. Fumfuna ta gaskiya tana da gashi-gashi da wari, kuma irin wannan kombun ne ya kamata a zubar.