Ku bar ni da tsohuwar Z ɗina

Wanda bai taɓa ciro kuɗin gyaran mota daga aljihunsa ba, bai kamata ya zauna yana yanke hukuncin wace mota ta fi wata ba. Kai ƙanena da ka ɗora bidiyon nan, da ku da kuka bi shi kuna tafi a ƙasa, da ku nake. A bidiyon an ce wai na sayar da motata Nissan 370Z na riƙe tsohuwar ƙirarta 350Z ne saboda aljihu ya yi sanyi, wai Alhaji ya koma hawan gwangwani. Maganar aljihu ba ta dame ni ba, arziki na Allah ne, yau gare ka gobe ga wani. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda yara masu son mota da gaske, waɗanda wata rana za su tara kuɗinsu su saya, suke haɗiye wannan magana cewa duk abin da ya fito daga baya shi ne ya fi. Na hau su biyun, na ciyar da su biyun da mai da taya da baƙin mai, a nan Birnin Kebbi, ba a cikin waya ba. Mota ana auna ta ne a garin da take kwana.

Ba sai kun karanto mini lambobi ba, na san su. 350Z ta fito a 2002, injinta VQ35DE ne, silinda shida, lita 3.5, ƙarfin doki 287 a farkon fitowarta. 370Z ta biyo baya a matsayin ƙirar 2009, injin VQ37VHR, lita 3.7, ƙarfin doki 332. An rage mata tsawo tsakanin tayar gaba da ta baya, an yi mata ƙofofi da aluminiyam, cikinta ya fi kyau nesa ba kusa ba. Mai giyar hannu ma an sa mata wata dabara da ake kira SynchroRev Match, wadda ke ɗaga maka totur da kanta idan za ka sauko giya, motar ba ta fizga. Duk gaskiya ne. Ta fi gudu, ta fi riƙe kwana, kuma ba wanda zai zauna a cikinta ya ce bai ji daɗi ba. Ni ban taɓa cewa mummunar mota ba ce. Cewa na yi ba ta dace da inda nake zaune ba, kuma a kan wannan nake har gobe.

Ku fara da rana. Duk wanda ke zaune a Kebbi ya san abin da watan Afrilu yake nufi, zafi ya haura digiri 40, kwalta tana tiriri, iskar da ke shiga lagireto ita kanta ta dahu. A saman dashbod na Z akwai ƙananan agogo uku. A 350Z ɗaya daga cikinsu yana nuna ƙarfin bugun baƙin mai ne, a 370Z kuwa zafin baƙin man yake nunawa, kuma duk mai ita ya san dalili, domin injin nan mai ɗaukar zafi ne. Na farko-farkon ba su zo da na'urar sanyaya baƙin mai ba, sai daga ƙirar 2012 aka fara sa musu. Tawa ta kafin nan ce. Ka kama hanyar Kalgo zuwa Jega da azahar, ka taka ta yadda aka yi ta don a taka, sai ka ga allurar nan tana hawa, idonka ya bar titi ya koma kanta. In zafin ya kai wani mataki kwamfutar motar za ta rage maka ƙarfi don ta ceci injin. Aikinta ta yi, ban ga laifinta ba. Amma ina amfanin doki 332 da ba za ka iya sakin linzaminsu ba sai bayan la'asar? Tsohuwar kuwa, in dai lagiretonta a wanke yake, fankokinta na juyawa, baƙin manta mai kyau ne, haka za ta kai ka Yauri ta dawo da kai.

Na san abin da za ku ce: ai sai ka sayo na'urar sanyayawar ka ɗaura. To, ka sayo daga ina, wa zai ɗaura maka ita ba tare da ta riƙa ɗigar da mai ba? Ku bar wannan maganar.

Nan ne ma gizo ke saƙar, kuma nan ne ba ku taɓa leƙawa ba. Injin VQ35 ba baƙo ba ne a garejin ƙasar nan. Shi ne a cikin Murano, shi ne a Maxima da Altima mai silinda shida, shi ne a Pathfinder, shi ne a Infiniti FX35 da G35. G35 ɗin ma ƙashin bayansu ɗaya da 350Z, kusan 'yan uwa ne na jini. Waɗannan motoci sun cika Najeriya tun shekarun da ake kwaso 'yan Kwatano ta kan iyakokinmu na tudu, kafin a hana shigo da mota ta ƙasa a farkon 2017. Saboda haka makanikenmu sun buɗe injin nan sun rufe ba adadi, sun san kukansa, sun san inda yake tsiyaya in ya tsufa. Filogi, kwayil, tacen mai, sensa, in babu a Birnin Kebbi a buga waya Sakkwato, in babu a can Kofar Ruwa ta Kano ba za ta rasa ba, a sa maka a motar haya gobe ka karɓa a tasha. Injin 370Z danginsa su ne G37 da irinsu, kuma ku faɗa mini tsakaninku da Allah guda nawa kuke gani a titinmu. A kansa akwai tsarin VVEL, wanda ke sarrafa yadda bawul ke buɗewa da ɗan injin lantarki a kowane ɓangare. Fasaha ce mai kyau ƙwarai. Amma makaniken da nake kai wa motocina, dattijo ne da ya goge a aikin nan, ranar da ya ɗaga bonet ya gan shi cewa ya yi, "Alhaji, wagga ba ni taɓa kanta, kai ta inda ad da kwamfutarta." Kuma na girmama shi a kan haka, domin wani da ya kwance ya ɗaure maka yadda ya ga dama. Inda ke da kwamfutar kuwa Kano ne ko Kaduna ko Abuja, a kan babbar mota, da kuɗin ɗauka, da zaman jira.

Ko kuloci kaɗai ya isa misali. A 350Z ta farko, daga ƙirar 2003 zuwa 2006, ƙaramin famfon da ke tura kuloci a waje yake, manne a jikin giyabos. Ya lalace, yaron gareji ya shiga ƙarƙashi ya kwance ƙusa biyu ya canza, kafin ka gama sallah an gama. A 370Z famfon nan a ciki yake, sai an sauke giyabos ɗungurungum kafin a kai gare shi. Aikin sa'a guda ya koma aikin yini, in ma an sami kayan. Wannan ba ya fitowa a bidiyo, ba a sa masa kiɗa, amma shi ne rayuwar mai mota.

Sai mai. Su biyun an yi su ne don fetur mai daraja ta sama, amma matsin injin sabuwar, wato yadda yake matse iska da fetur kafin su kama wuta, 11 ne, na tsohuwar 10.3, kuma duk injin da matsinsa ya fi yawa ya fi tsantsamin abin da za a zuba masa. Mu kuwa a nan abin da gidan mai ya ba ka shi ka samu, wani lokacin ma a galan a bakin hanya in tafiya ta kama ka. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 cika tankin kowace daga cikinsu ya zama shawara, ba wai ka tsaya kawai ka ce a cika ba. A shan mai ban ga wani bambancin a zo a gani ba, duk mashaya ne. Bambancin shi ne tsohuwar ta fi haƙuri da abin da ta samu.

Taya ma haka. Tawa 370Z mai wili inci 19 ce, tayar siririya, ta baya ta fi ta gaba faɗi. A kan lafiyayyar kwalta kamar an manna ta. Ka faɗa rami ɗaya da ruwan damina ya rufe, taya ta kumbura a gefe, wani lokacin har wilin ya lanƙwashe, kuma ba girman da za ka samu wajen mai faci ba ne. 350Z ɗina inci 17 take takawa, da nama a jikin tayar. Dukansu ƙasa-ƙasa suke, duk tudun rage gudu sai ka hau shi a karkace, wannan kam ba wadda ta tsira.

Za ku ce to ita tsohuwar ba ta da aibi ne? Tana da shi mana. Robar cikinta tana ƙara, fentin maɓallanta yana ɓarewa, injin gilashin ƙofa yana gajiya, wasu daga cikinsu suna shan baƙin mai, na farkon kuma an san su da cin tayar gaba ta ciki. Ga wani ƙaton ƙarfe da ya gitta a but ɗinta, akwati babba ba ya shiga, ko aljihun ajiye takardu a bayan kujerar fasinja aka kai shi. Duk na sani, da su nake zaune. Amma kowanne daga cikinsu ana gyara shi a nan, da hannun mutanen nan, da kuɗin da ba zai hana ka sayen buhun shinkafa ba. Abin da nake ta faɗa ke nan tun daga sama, mota ana auna ta ne a garin da take kwana. Da a Tokiyo nake, ko ma a Abuja kusa da masu kwamfuta, wataƙila da sabuwar na riƙe. A Birnin Kebbi nake.

Akwai kuma abin da ban iya auna muku shi da lamba. Sitiyarin 350Z yana da nauyi, giyarta sai ka sa hannu sosai, kulocinta yana gajiyar da ƙafa a cunkoson kasuwa. Ba ta gyara maka kuskurenka, in ka sauko giya ba ka daidaita totur ba za ta fizge ka ta nuna maka. Shi ya sa ranar da ka iya, ka san kai ne ka iya. Da sassafe lokacin sanyi, kafin manyan motoci su fito, in na kama hanyar Argungu gilashi a sauke, kukan injin nan yana tashi ta salansa daga baya, wallahi ban taɓa jin ina kewar komai ba. Wannan suna na Z tun 1969 yake, tun 240Z da aka sayar da sunan Datsun, kuma abin da ya ɗaukaka shi tun asali shi ne mota mai daɗin tuƙi wadda mai matsakaicin hali zai iya saya ya kuma iya riƙewa. Yanzu ga wata sabuwar ta sake fitowa da turbo biyu da doki 400. Allah ya sanya alheri, amma wanda ya kawo ta nan ya fara neman makanike kafin ya nemi lamba.

Kai kuma ƙanena mai bidiyo, ban riƙe ka a zuciya ba, amma abin da na gani a ƙarshen bidiyonka ya fi zagin da ka yi mini tayar mini da hankali. Kuna juya mota a tsakiyar titi ranar ɗaurin aure, yara ƙanana a tsaye a gefe suna kallo, ba shinge ba komai. Mota mai tura da tayar baya in ta ƙwace ba ta shawara da kowa. Ina roƙonku don Allah ku daina, rai ɗaya ya fi duk motocin da muke gardama a kansu. Son mota ba laifi ba ne, kuma ba baƙon abu ba ne a jihar nan. Bikin kamun kifi na Argungu an daɗe ana haɗa shi da tseren motoci, ko a 2020 an yi. Jelani Aliyu, wanda ya zana Chevrolet Volt a Amurka ya kuma dawo ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa, a kwalejin kimiyya da fasaha ta nan Birnin Kebbi ya yi karatun zanen gine-gine kafin ya tafi. Ƙasar da ta fitar da irinsa ba za ta rasa fili ɗaya a bayan gari ba, a share shi, a kewaye da tsofaffin tayoyi, a ajiye motar asibiti, a sa rana ɗaya a wata. Mu masu motocin mu haɗa kuɗin share filin, ni zan fara. Wanda ke da hanyar isa ga masu ba da izini ya yi mini magana ta akwatin saƙo, kuma a taho da makanikai cikin zaman farko, don su ne za su faɗa mana motar da ta cancanci shiga da wadda birkinta bai kai ba.